Gurgu Ma Ana Tambayarsa Ilimi

Akwai tambayar da nake so mu yi wa kanmu, musamman mu mutanen gabashin Sakkwato, daga Gatawa zuwa Sabon Birni har Isa: yaron da shan inna ya kama, ko aka haife shi ba ya iya tafiya, wa ya ce an ɗauke masa neman ilimi?

Shari'a ta ɗauke wa gurgu fita yaƙi. Ta ce wanda ba ya iya tsayuwa ya yi sallah a zaune. Amma ban san malami ɗaya da ya ce gurgu ba sai ya san tsarki da sallah da halal da haram ba. Hankalinsa lafiya lau, shi ma mukallafi ne. To malaman usulu suna da ƙa'ida: duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Idan yaro ba zai isa makaranta ba sai da keken guragu, to keken nan ya fita daga babin kyautatawa, ya shiga babin wajibi. A kan uba tukuna, in ya kasa sai dangi, in sun kasa sai jama'ar gari da hukuma. Mu kuwa mun mayar da shi abin da ɗan siyasa zai raba ana ɗaukar hoto.

Duk wanda ya karanta Muwaɗɗa ya sha wucewa ta kan wani isnadi: Malik daga Abuz Zinad daga A'araj daga Abu Huraira. Kun san ma'anar A'araj? Mai ɗingishi, gurgu. Sunansa Abdurrahman ɗan Hurmuz, ya rasu a Iskandariyya shekara ta 117 bayan Hijira. Hadisai nawa muke aiki da su a mazhabarmu ta hannun wannan bawan Allah suka zo mana? Da a garuruwanmu aka haife shi yau, wallahi ina tsoron da an miƙa masa kwano an zaunar da shi bakin kasuwa. Ga Aɗa'u ɗan Abu Rabah, muftin Makka, gurgu ne mai shanyayyen hannu, daga baya ma ya makance, amma mahajjata gare shi suke komawa da fatawa. Shi kuwa Abdullahi ɗan Ummi Maktum, abin da ya kawo shi wurin Annabi (SAW) har Suratu Abasa ta sauka, ilimi ne ya zo nema. Ba bara ya zo yi ba. Kuma daga baya Annabi ya sha barinsa ya ja wa mutanen Madina sallah in zai yi tafiya.

Wani zai ce: Malam, ai muna ba su sadaka. Gaskiya ne, kuma Allah Ya ba da lada. Amma ka duba da kyau. Naira ɗari da kake jefa wa yaro kullum Juma'a ita ce take tabbatar wa ubansa cewa bara ta fi makaranta riba. Mun tsara bara har da sarauta, akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu, kowa ya san wurin zamansa. Karatunsu ne ba mu tsara ba.

Akwai makarantar masu buƙata ta musamman ta A. A. Raji a cikin birnin Sakkwato, inda makafi ke koyon rubutunsu na taɓawa, kurame kuma ake karantar da su da maganar hannu. Kano ma tana da ta Tudun Maliki. Waɗannan suna da amfani ƙwarai, don makaho da kurma suna buƙatar malamin da ya koyi hanyarsu. Sai dai wane uba ne a Gatawa zai ɗora ɗansa gurgu a mota zuwa Sakkwato a wannan hanya da kowa ya san halin da take ciki? Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Gobir, mutane suka tsallaka yankin Maraɗi gudun hijira, wasu suka cunkushe a Sabon Birni da Isa, mai ƙafa ma karatunsa ya yanke, balle wanda sai an goya shi. Kuma ga sabbin nakasassu da harsashi ya samar mana.

Abin da nake so a gane shi ne, shi gurgu ba ya ma buƙatar makaranta ta daban. Idonsa na gani, kunnensa na ji. Firamaren unguwa da Islamiyyar bayan gida sun ishe shi. Abin da ke hana shi ƙanana ne har abin kunya: matakala uku a ƙofar aji, ban-ɗakin da sai ya ja jiki cikin najasa kafin ya shiga, rairayin da keke ba ya bi, da yaran da ke kiransa da sunan lalurarsa malami yana ji bai tsawatar ba. Yarinya kuwa ta fi shiga uku, ita ɓoye ta ma ake yi a ɗaki.

A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Nijeriya, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce. Ni dai ba zan jira Abuja ba a kan abin da buhun siminti biyu da magini ɗaya za su gama kafin Azahar. Masu kwamitin masallaci da na Islamiyya, ku da kuke tara kuɗin tayil da fanka, ku je ku tsaya a ƙofar ajinku ku ƙirga matakalar. Limamai kuma, gidajen da ake ɓoye irin waɗannan yara kun san su ɗaya bayan ɗaya, don ku kuka raɗa musu suna. A fara da rubuta sunayensu, a kai wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da masu hali na gari, a ce ga yara kaza, keke kaza ake nema kafin a koma makaranta.