Haƙuri ko Wauta? Tsokaci a kan Masoyan Ƙungiyar da Ba Ta Cin Wasa

Bahaushe ya ce mahaƙurci mawadaci, ya kuma ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Idan muka lura, karin maganar nan biyu duk sun rataya haƙuri ne a kan wata riba da ke jiran mai shi a gaba. To, idan dutsen ya ƙi dahuwa fa, har mai dafa shi ya tsufa ya bar wa ɗansa murhun? Wannan ita ce tambayar da muke son yin tsokaci a kanta, kuma za mu ɗauko misalanmu daga wani fage da ba mu saba da shi ba, wato wasan ƙwallon Amurkawa, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, galibi da hannu, ana ture-ture kamar 'yan kokawa.

Ƙungiyoyi 32 ne ke cikin babbar gasar wannan wasa da ake kira NFL. An tsara ta yadda ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita za ta fara zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, don kada wata ta dawwama a ƙasa. Duk da wannan tanadi, akwai garuruwan da nasara ta ƙaurace wa. Ƙungiyar Detroit Lions ta ɗauki kofi a 1957, aka shafe fiye da shekara 60 ba ta sake ɗauka ba, kuma a 2008 ta sha kashi a wasanninta 16 kaf. Ita kuwa Cleveland Browns, wadda ta ɗauki kofi a 1964, wasa ɗaya tak ta ci daga cikin 32 a shekarun 2016 da 2017. Amma a duk tsawon wannan lokaci ba a rasa masu sayen tikiti su zauna cikin ƙanƙara suna kallo ba.

Mai sukar wannan hali yana da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata mu raina ta ba. Zai ce ƙungiya kamfani ce, mai ita attajiri ne, kuma kuɗin da gidajen talabijin ke biya raba su ake yi tsakanin ƙungiyoyi, ko an ci ko an faɗi. 'Yan wasa kuwa yau suna nan, gobe sun koma inda albashi ya fi tsoka. Ke nan biyayyar ta gefe ɗaya ce. Zai kafa hujja da abin da ya faru a 1995, lokacin da mai ƙungiyar Cleveland, Art Modell, ya ba da sanarwar kwashe ta zuwa Baltimore, inda ta zama Ravens, har ta ɗauki kofi a 2001. A ganinsa wannan so ne irin mai hana ganin laifi, kuma sunansa na gaskiya wauta.

Sai dai a cikin wannan labari ne amsar take. Da mutanen Cleveland suka tashi da zanga-zanga da ƙara a kotu, abin da suka tsira da shi a yarjejeniyar 1996 shi ne sunan ƙungiyar da launin rigarta da tarihinta. 'Yan wasa da mai ƙungiya suka tafi, garin ya yi shekara uku ba wasa, sannan aka kafa sabuwar Browns a 1999. Da nasara suke bauta wa, da sun bi ayarin Baltimore. Abin da suka riƙe shi ne abin da uba ya gadar wa ɗa, wato zaman ranar Lahadi da dangi da maƙwabta, da baƙin cikin da ake rabawa har ya yi sauƙi. A ra'ayinmu, amanar da ke nan tana tsakanin masoyan ne da junansu, ƙungiyar kuwa inuwa ce da suke haɗuwa a ƙarƙashinta.

Garin Buffalo ya ƙara fito mana da wannan a fili. A Janairun 1991 ƙungiyarsu ta faɗi a wasan ƙarshe na Super Bowl da ci 20 da 19, bayan ɗan wasansu Scott Norwood ya ɓarar da bugun da zai ba su kofi a daƙiƙun ƙarshe. Da suka dawo gida, dubban mutanen da suka tarbe su sunansa suka riƙa kira har ya fito ya yi magana. Mutumin da ya iya yi wa wanda ya jawo masa asara irin wannan karamci ya koyi wani abu da yawan nasara ba ya koyarwa.

Duk da haka, wajibi ne mu bambanta haƙuri da mutuwar zuciya. A Janairun 2018, bayan Browns ta kammala kakar wasa ba ta ci ko ɗaya ba, masoyanta sun yi jerin gwano na shaguɓe suna kewaya filin wasan cikin tsananin sanyi, don su kunyata shugabanninta, suka kuma tara gudummawar ciyar da mabuƙata. Ba su gudu ba, ba su kuma yi shiru ba. Wannan shi ne ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe: biyayyar da ke hana mutum faɗin gaskiya wauta ce, amma wadda ke sa ya tsaya ya faɗe ta daga cikin gida ita ce ta cancanci a kira ta haƙuri.

A Janairun 2024 Detroit ta ci wasan zagayen fitar da gwani, karo na farko cikin shekara 32. Da yawa daga waɗanda suka fara wannan jira ba su kai ranar ba. Ba za mu ce sun yi asara ba, domin zumuncin da suka ƙulla a shekarun jiran ya riga ya zama rabonsu, kuma shi ne suka bar wa 'ya'yansu da suka yi murnar a madadinsu.