Ko Kyakkyawar Niyya Ta Isa Wurin Jinya?

Sa'anda mara lafiya ya rasu a hannun masu jinyarsa, mu kan ji suna cewa, "Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, Allah ya san nufinmu." Gaskiya ne, Allah ya san nufin kowa. Amma bari mu yi tambaya, 'yan'uwa: idan mutum ya yi jinya da ƙauna, bai kuwa nemi sani ba, har abin da ya yi ya cuci mara lafiya, ya kuɓuta daga alhaki ke nan?

Mu ɗauki misalin mai jego. Akwai wani ciwon zuciya da ya kan kama mace gab da haihuwa ko 'yan watanni bayanta. Zuciya ta kan rasa ƙarfin tura jini, ruwa ya taru a jiki, ƙafafu su kumbura, mace ta riƙa haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina. Ciwon nan ya yi yawa a ƙasar Hausa. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun ba da labarin mata 224 da su ka zo da shi asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Sun lura da wankan jego, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta, da shan kunun kanwa. Daga baya bincike a Asibitin Malam Aminu Kano ya nuna ciwon ya kan kama har matan da ba su bi al'adun nan ba. Duk da haka abu ɗaya ya tabbata: kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuwa ba ta iya ɗaukar ƙarin kaya.

To, a ce yarinya daga Bauranya ta je asibiti a Kankia, aka ba ta ƙwayoyi, ta komo gida. Uwar mijinta tana ƙaunarta. Ita ke tashi da asuba ta dafa ruwa, ita ke dama mata kunun kanwa domin nono ya zo. Ƙwaya tana fitar da ruwa, kunu yana mayar da shi. Babu mugu a gidan nan, amma yarinya tana ƙara kumbura.

Waɗansu za su ce wanda bai sani ba ba shi da laifi. Amma rashin sani iri biyu ne. Akwai na wanda ba shi da hanyar sani, babu kuwa mai hankalin da za shi ɗora masa laifi. Akwai kuma na wanda ya ke da baki bai tambaya ba, ko an faɗa masa ya ƙi ji domin yana ganin ya girmi mai faɗar. Wannan ba ya iya fakewa da niyya. Gama wanda ya ke nufin ka warke da gaske, za shi so ya san abin da ke warkar da kai. Matambayi ba ya ɓata.

Alhaki na fari yana wuyan ma'aikacin asibiti. Nas da ta miƙa ƙwaya ta ce "ɗaya safe, ɗaya yamma" kaɗai, rabin aikinta ta yi. Mun san marasa lafiya suna da yawa, ma'aikata kaɗan ne. Amma maganin zuciya ba na kwana 3 ba ne, a gida a ke shansa wata da watanni, inda babu likita. Ga abin da ya kamata kowane gida ya ji:

1. Furosemide, wanda a ke kira Lasix, yana fitar da ruwa ta fitsari. Da safe a ke sha, domin kada ya hana barci. Idan jiri ya yi yawa ko gudawa ta kama mutum, a koma asibiti.

2. Digoxin yana ƙara wa zuciya ƙarfi, yana rage saurinta. Asalinsa daga wani tsiro ne, wanda likita William Withering na Ingila ya bayyana amfaninsa a 1785. Tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke zama dafi tazara kaɗan ce. Kafin a sha, a sa yatsa a wuyan hannu a ƙirga bugun jini minti ɗaya. Idan bai kai 60 ba, ko akwai amai, ko mutum yana ganin abubuwa rawaya-rawaya, a dakata a tambayi likita. Wanda ya manta bai sha ba, kada shi haɗa biyu.

3. Lisinopril da irinsa suna sauƙaƙa wa zuciya aiki. Su kan kawo busasshen tari, suna kuma cutar ɗan da ke ciki. Mace da ta ga alamar ciki ta sanar da likita nan da nan.

4. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda a ke saye a kasuwa, suna riƙe ruwa. A guje su, a rage gishiri da dunƙulen miya, a bar kanwa.

5. Saɓewar kumburi ba warkewa ba ce. Kada a bar magani sai likita ya ce, kada kuma a ba maƙwabci, ko da ciwonsu ya yi kama.

Ga wa za a faɗi waɗannan? Idan yarinya kaɗai aka faɗa wa, an yi aikin banza, gama kunya ba za ta bar ta ta ce wa uwar mijinta, "Inna, ba zan sha ba." Sai nas ta kira mai riƙe da tukunya, ta gaishe ta da ladabi, ta yi mata bayani, ta kuma roƙe ta ta maimaita abin da ta ji. Tsohuwar da aka girmama ta kan fi kowa tsare magani.

Alhaki na biyu na miji ne. Shi ne ya ke tsakanin uwarsa da matarsa. Girmama iyaye wajibi ne, amma yin shiru har ranar da uwarka za ta gane kunun da ta dama ya cuci surukarta, wannan ba girmamawa ba ce. Ka zauna da ita ka ce, "Inna, likita ya ce a yi mata kunu ba kanwa." Ka sayi magani tun bai ƙare ba. Ka kuma sani wani ciki kafin zuciya ta komo daidai yana iya kashe matarka, saboda haka ku nemi shawarar likita tare.

Na uku namu ne, masu zuwa gaisuwa. Kowa ya shigo da nasa magani a baki, wani ma ya ce shan ƙwaya kullum ƙarancin bangaskiya ne. Ku tuna Luka likita ne, abokin tafiyar Bulus kuwa. Wanda ya sa mara lafiya ya zubar da maganinsa, ya ɗauki ran wani a hannunsa.

Kyakkyawar niyya ita ce ke tashe mu da dare mu zauna kusa da mara lafiya, ba mu raina ta ba. Amma ba ta isa ba sai ta kai mu ga tambaya, mai sani kuma ya amsa da haƙuri. Allah shi ba mu tawali'un tambaya, shi ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.