Maganin Da Muka Saya, Namu Ne Kaɗai?

Sau da yawa mukan ce, "Kuɗina ne, jikina ne, zan sha magani yadda na ga dama." Bari mu auna wannan magana, mu gani ko gaskiya ce.

A shekara ta 1928 wani likita mai suna Alexander Fleming ya gano penisilin a birnin Landan. Daga baya aka sami waɗansu magunguna irinsa, masu kashe ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya. Mutane da yawa waɗanda ciwon huhu ko ruɓar miki ya kai su bakin kabari suka tashi. Amma tun 1945 shi Fleming ya yi kashedi, cewa idan ana shan maganin ƙasa da ma'auni, ƙwayoyin za su saba da shi.

Ga yadda abin yake. Duk sa'ad da muka sha irin wannan magani, yakan kashe ƙwayoyi marasa ƙarfi, masu tauri kuwa su saura, su hayayyafa. Kamar manomi ne da ya nome ciyawa mai laushi ya bar mai zurfin saiwa: ba da daɗewa ba ita za ta cika gonar. A asibiti kuwa, inda marasa lafiya ke kwance gado kusa da gado, waɗannan ƙwayoyi sukan bi hannun da ba a wanke ba, su shiga mikin wanda aka yi wa aiki, ko jinin jariri. Likita ya yi allura, allura ba ta ci ba. Masana sun ƙiyasta cewa a 2019 wannan ya kashe mutum fiye da miliyan 1.2 a duniya, kuma bisa ga yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahalar.

An ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Amma a nan ba bakinsa kaɗai ba ne. Wanda ya sayi kafso biyu a kasuwa domin mura, wadda maganin ba ya taɓa ta sam, ya rage wa maƙwabcinsa ƙarfin magani. Gama ƙarfin nan kamar rijiyar gari yake: guga namu ne, ruwa na kowa.

Kada mu yi saurin ɗora wa matalauci laifi, shi da kuɗinsa bai kai na cikakken magani ba. Gara mu cika masa. Laifi ya fi nauyi a kan mai sayarwa domin riba, da mu da muke matsa wa likita sai ya yi wa ɗanmu allura.

Saboda haka, 'yan'uwa, idan likita ya ce babu bukata, mu haƙura. Idan ya rubuta, mu bi ma'auninsa, kada mu raba da wani. Idan mun je jinya ko gaisuwa, mu wanke hannu da sabulu. Magani amana ne, na 'ya'yanmu ne kuma.