Ƙuri'a shaida ce

 Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk sa'ad da guguwar zaɓe ta taso mukan ji a ƙofar masallaci ana cewa: "Duk ɗaya suke, a karɓi kuɗinsu a ci." Wasu kuma su ce gara kuɗi su kwana ƙarƙashin katifa da su kwana banki.

Fushin nan yana da dalili. Dattawa ba su manta da 1990 ba, shekarar da bankin BDRN ya durƙushe saboda basussukan da aka ci ba a biya ba. An yi zaɓen 1993 cikin ɗoki, sai ga Janairun 1994 an karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Katifar ma ba ta tsare kowa ba.

Amma wa ya kashe bankin? Waɗanda suka ci bashi suka hana, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. To, ƙuri'a ma shaida ce. Wanda ya karɓi jaka biyu da turmin atamfa, ya zaɓi mutumin da ya san azzalumi ne, ya yi shaidar zur. Saboda haka in ɗan takara ya zo unguwa, kafin mu roƙe shi rijiya, mu tambayi ƴan kasuwar garinsu ko yana biyan bashi.