Ɗana, Auna Farfela Kafin Ka Kashe Kuɗi

Ɗana, idan ka ɗaga motarka don ta riƙa haye kwazazzabo da yashi, sai ka hau kwalta ka ji kujera tana zir-zir a ƙarƙashinka, madubin tsakiya yana dishi-dishi har ba ka tantance motar da ke binka, kada ka ƙure rediyo ka ce ai haka motar daji take. Kafin a taɓa ta lafiya lau take tafiya, kuma ruwa ba ya tsami banza. Kada kuma ka ruga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ka fara jidar kaya, yau kuros, gobe boris, jibi sabuwar farfela. Da yawa sun yi haka, kuɗi ya ƙare, karkarwa tana nan daram. Zauna in faɗa maka abin da ya faru a ƙarƙashin motar.

Ranar da aka ƙara maka ganyen sifirin, ko aka sa dogayen maratayansa, inji da giyabos sun tashi sama tare da firam, aksil kuwa yana nan ƙasa inda tayoyi suka riƙe shi. Farfela ce ke haɗa su, don haka ita ta ɗauki bambancin, ta ƙara gangara. Lissafin ba shi da wuya. Ɗagawar inci 2, wato santimita 5, tana ƙara wa farfela mai tsawon mita ɗaya da rabi karkatar kusan digiri 2. Idan tsawonta rabin mita ne, wannan ɗagawar dai za ta ƙara mata kusan digiri 6. Shi ya sa gajerun motoci suka fi shan wahala. A Amurka masu Jeep Wrangler ɗin da aka ƙera daga 1997 zuwa 2006 sun san wannan ciwon sarai, domin farfelarta ta baya guntuwa ce ƙwarai.

To, me ya haɗa karkata da karkarwa? Kuros ɗin farfela yana da wani hali da Bature Robert Hooke ya yi nazarinsa a Ingila tun wajen 1670: idan yana juyawa a lanƙwashe, ba ya miƙa juyin daidai yadda ya karɓa. A kowane zagaye ɗaya, farfelar tana ƙara sauri sau biyu, ta rage sau biyu. A karkatar digiri 10, hawa da saukar nan ta kai kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Kada ka raina wannan. Motar da ke kan taya mai inci 31, da aksil mai rabon 4.1, idan tana gudun kilomita 100 a awa, farfelarta tana juyawa wajen sau 2,800 a minti. Ninka biyu, ka ga fizga 5,600 kenan a kowane minti, tana dukan boris, da sil ɗin mai, da haƙoran aksil.

Masu ƙera mota sun magance wannan da kuros biyu, ɗaya a kowane bakin farfela. Ka san lugude: mata biyu a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi, daka yana tafiya sumul, amma da ɗaya ta kuskure lokaci sai taɓare su gwabza. Haka kuros biyun nan suke. Na baya yana warware fizgar da na gaba ya haifar, bisa sharaɗi biyu. Karkatarsu ta zama ɗaya, kuma kunnuwan da ke riƙe su a kan farfelar su kasance a layi guda. Ƙa'idar da kamfanin Spicer, tsofaffin maƙeran kuros tun 1904, suke bayarwa ita ce bambancin karkatar bakunan biyu kada ya wuce digiri 1, kuma don a zauna lafiya kowanne kada ya haura digiri 3. Ba a kuma son ya miƙe sambal, saboda ƙananan alluran da ke cikin kofin kuros suna bukatar ɗan motsi don su yaɗa giris.

Kafin ka ɗora wa farfela laifi, tabbatar ita ce. Manyan tayoyi ma suna kawo rawa, haka busasshen taɓo da ya manne a cikin wili. Wanke su, a yi musu balansi. Rawar taya mai nauyi ce, a sitiyari kake jinta ko ka ji motar tana tsalle-tsalle. Ta farfela siririya ce mai gurnani, ta ƙasan ƙafarka da kujera take shigowa, domin farfela ta ninka taya saurin juyi kusan sau huɗu. Nemi hanya mai kyau da ba cunkoso, kai gudun da abin ke tashi, sai ka ɗaga ƙafa daga totur. Idan ya lafa, ya kuma dawo da ka sake takawa, zargi karkata ko kuros da ya ci. Idan bai damu da totur ba, gudu kawai yake bi, zargi balansi ko farfela da ta tanƙware. Amma idan sitiyari ne ke fizgar hannunka hagu da dama bayan ka faɗa rami, wannan wata cuta ce daban ta bushin da sandunan gaba. Tsaya nan take, kada ka kai ta gida a haka.

Sai ka shiga ƙarƙashi, kuma ina roƙonka, sa wa tayoyi waigi gaba da baya tukuna. Kada ka taɓa kwanciya ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sa giya a firi, kama farfela da hannu biyu ka murɗa, ka girgiza sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya ƙwas-ƙwas. Duba gefen kofunansa huɗu: idan ka ga jan gari kamar garin barkono yana fitowa, allurai sun bushe suna cin kansu, ya gama aiki. Duba inda farfela ke zugewa tana shiga tana fita. Za ka ga wani wuri mai ƙyalli da a da yake ɓoye a ciki, faɗinsa shi ne abin da ɗagawar ta janyo waje. Idan saura kaɗan ya rage a ciki, farfelar ta yi gajarta. A nan kuma ake yawan yin ɓarna: yaron gareji ya zare ta don wankewa, ya mayar ya kuskure haƙori ɗaya ko biyu, kunnuwa suka bar layi. Wasu farfeloli suna da alamar kibiya a ɓangarorin biyu. Idan babu, sa a zana da fenti kafin a kwance, har da inda take haɗuwa da aksil.

Yanzu awo, wanda shi ne zuciyar maganata. Ba sai ka sayi na'ura mai tsada ba, wayar da ke aljihunka tana iya ɗaukar manhajar auna karkata. Ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi a ƙasa, da irin kayan da ka saba ɗauka a kanta, domin motar da ke yini da buhunan hatsi ba zamanta ɗaya da wadda ke yawo fayau ba. Auna wuri uku: bakin ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi gaba da baya, jikin farfelar, da bakin aksil. Bambancin na farko da na biyu shi ne karkatar kuros na gaba, bambancin na biyu da na uku ta na baya. Rubuta a takarda. Duk bakaniken da ya ce zai gyara maka wannan da ido kawai, gode masa ka nemi wani. Ido ba ya ganin digiri 2.

Maganin ya danganta da motar. Mai ganyen sifirin a baya, kamar Hilux da Land Cruiser 79 da ke ratsa hanyar Agadas zuwa Dirku, ana cusa mata ƙarfe mai kama da bakin gatari tsakanin sifirin da aksil, ya juya bakin aksil zuwa inda ake so. Nemi na baƙin ƙarfe wanda ake ɗaurewa da kusar tsakiyar sifirin. Na alminiyam yana tsagewa ya zame, sifirin ya saki. Ka bar bakin aksil ya ɗan sunkuya da digiri 1 zuwa 2 ƙasa da lissafinka, saboda idan ka taka totur ganyen yana murɗewa ya ɗaga shi. Hilux mai ƙofa huɗu ta 2005 zuwa sama farfelarta biyu ce da boris a tsakiya, kuma ciwonta shi ne kyarma lokacin tashi daga tsaye. Sau da yawa sauke boris ɗin nan da ɗan ƙarfe mai kaurin santimita ɗaya ko makamancin haka yana kashe maganar, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Idan ɗagawar ta yi yawa, sai an koma ga farfela mai tagwayen kuros a bakin giyabos. Lura da kyau, dokarta daban ce. Tagwayen suna warware fizgar junansu, don haka kuros na baya ba shi da abokin lugude, dole a juya bakin aksil ya kalli giyabos kusan kai tsaye. Wanda ya sayi irin wannan ya bar aksil a yadda yake, ya sayi sabuwar karkarwa da tsada.

Gaba ya fi wuyar sha'ani. A mota mai sandararren aksil kamar Land Cruiser 80, juyin da zai gyara wa farfelar gaba zama shi ne zai rage wa sitiyari ƙarfin komawa tsakiya, motar ta riƙa yawo a hanya. A nan ina gaya maka ba tare da kwana-kwana ba: sitiyari ne gaba. A daidaita shi, sannan a nema wa farfela mafita.

Abin da ke sa ni matsa maka shi ne abin da ke biyo baya idan an yi biris. Idan kuros na gaban farfelar baya ya tsinke kana gudu, bakin farfela ya faɗi ya caki ƙasa, yana iya ɗaga bayan motar ya jefar, ko ya fasa tanki da bututun birki. Ka tuna su wa ke baya: matan da ka ɗauko daga kasuwar ƙauye, ko mara lafiyar da ake gaggawar kaiwa asibiti. Kada kuma ka yarda mai walda ya ƙara wa farfela tsawo a bakin titi. A kai ta inda ake da injin gyaran ƙarfe da na balansi.

Wani abu kuma da 'yan ƙawa ba sa son ji: ɗaga sifirin ba ya ɗaga tulun aksil ko da ɗan yatsa, girman taya ne kawai ke nisanta shi da ƙasa. In dai inci 2 ya ishi tayarka ta juya ba ta goga ba, inci 4 wahala ce ka saya. Idan ka auna, ka gyara, abin ya ƙi, sauke motar kaɗan. Bayan kowane aiki a sa sababbin kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, a sake matse su bayan tafiyar farko mai nisa, kuma duk lokacin da ka ratsa ruwa ko taɓo a bi kowane kuros da giris har sai sabo ya ɓullo ta kofuna huɗun.