Rowar Bayani a Shugabanci

Rowar bayani ita ce shugaba ya yanke hukunci ya ƙi sanar da na ƙasa da shi abin da aka yanke, ko dalilinsa, ko ranar da zai fara aiki. Tushenta girman kai ne, ko tsoron tambaya, ko ɗaukar cewa yi wa ƙarami bayani zubar da girma ne.

A wurin aiki ba ta ɓuya. Malamin firamare ya zo da safe ya tarar da sunansa a allon sanarwa, an mayar da shi wani ƙauye, alhali hedimasta ya sani tun makon jiya bai ce masa uffan ba. Ko shugaban ƙungiyar manoman shinkafa a fadamar Kalgo ya karɓo taki bai faɗi buhu nawa aka ba shi ba. Ko da ya raba tsakani da Allah, zargi ba zai bar shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: inda bayani ya yanke, nan jita-jita da 'yan kai gulma ke cin kasuwa. Daga nan ma'aikaci ya koma yin iya abin da aka ce, ya ga ɓarna ya yi shiru.

Tarihin Gwandu ya nuna cewa ko manyan bayin Allah ba su tsira daga illar yanke magana a bayan mutum ba. Da Shehu Usmanu ya rasu a 1817, ƙanensa Malam Abdullahi ya nufo Sakkwato, ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Shekaru suka shuɗe ana 'yar tsama, har sai da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina. Da suka haɗu ido da ido aka shirya, Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Shi kansa Abdullahin, a littafinsa Diya'ul Hukkam da ya rubuta a Kano, ya sa shawara cikin wajiban mai mulki.

Riƙon sirri daban ne, domin akwai abin da amana ta hana a faɗa. Amma duk abin da ya shafi albashin mutum, ko wurin aikinsa, ko rabonsa, haƙƙinsa ne ya ji shi daga bakin shugaba, da wuri, tare da dalili, a kuma ba shi damar tambaya.