Yankan tayil da mas'alar ko wahala ce ma'aunin darajar aiki

Tun da daɗewa malaman fiƙihu suke tattauna ko ladan aiki yana ƙaruwa gwargwadon wahalar da aka sha a cikinsa, kuma wannan mas'ala, wadda aka fi kawowa a babin ibada, tana fitowa fili a sana'ar yankan tayil, wato allunan yumɓu da ake gasawa, a shafe fuskarsu da ruwan ƙyalli, domin shimfiɗawa a daɓe ko mannawa a bango. A birnin Fas na Maroko har yau ana yin aikin da ake kira zallij, inda ake gasa allo mai kusurwa huɗu da launi guda, sannan gwani ya zauna da guduma mai baki kamar gizago yana sassaƙe shi zuwa taurari da gutsattsari, wasu ba su fi farce girma ba. Ana jera gutsattsarin a kife, a zuba musu kwaɓi ta baya, saboda haka mai jerawa ba ya ganin fuskar abin da ya haɗa sai an ɗaga faifan gaba ɗaya. Da irin wannan aiki aka ƙawata bangon makarantar Attarin, wadda aka gina tsakanin 1323 da 1325.

Mutanen Farisa ma sun ƙware a wannan fasaha, amma da Shah Abbas ya fara gina babban masallacinsa a Isfahan a 1611, sai aka rufe mafi yawan bangayen da wani salo mai suna haft rang, ma'ana launi bakwai, inda ake zana ado a kan allo cikakke, a gasa launukan tare, a manna ba tare da sassaƙa ba, aka bar tsohon salon ga wurare kamar babbar ƙofar shiga. Masana sukan fifita tsohon salon, kuma abin lura shi ne dalilinsu ba gumin masassaƙi ba ne: kowane launi yana da zafin wutar da ya dace da shi, wanda aka gasa shi kaɗai yakan fito da haske fiye da wanda aka cakuɗa da wasu a gashi ɗaya. Wahalar sassaƙa farashi ce da aka biya domin samun wannan haske.

Kusan haka Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Garnaɗa wanda ya rasu a 1388, ya warware mas'alar a littafinsa Muwafaƙat, a zamanin da sarakunan birninsa suke ƙawata fadar Alhamra da yankakken tayil. A fahimtarsa, bai dace mutum ya nufi wahala don kanta yana neman lada ba, sai dai ya nufi aikin, idan kuma aikin ba ya yiwuwa sai da wahala, to ladansa yana ƙaruwa saboda ita. Bambancin siriri ne, amma yana raba wahalar da aiki ya tilasta da wadda mutum ya ɗora wa kansa.

A ɗakin gida na yau ana samun nau'o'in wahalar biyu tare. Mai sa tayil yana da abin yanka na hannu mai ɗan wili mai tauri, wanda yake tsaga ƙyallin sau ɗaya, a danna allon ya karye a kan layin. Idan kuma yankan mai lanƙwasa ne, kamar kewayen bututu ko ƙafar ƙofa, sai a koma ga gurainda. Wanda ya yanka da gurainda a bushe, ba ruwa ba takunkumi, yana shaƙar ƙurar silika mai haddasa tabon huhu da ba ya warkewa, alhali jiƙa bakin yankan yana kwantar da yawancin ƙurar, kuma jimirinsa bai ƙara wa daɓen komai ba, ko da shi yana ganinsa jarumtar sana'a. Wahalar da aikin ya tilasta tana wani wuri dabam, kuma ba ta da armashi: auna ɗakin tun daga tsakiya domin kada a ƙare da tsiririn yanki a gindin bango, da sake yanka allon da ya gaza da rabin yatsa maimakon cike giɓin da siminti, musamman a bayan masai ko ƙarƙashin kabad, inda maigida ba zai leƙa ba sai ranar da ruwa ya bi ta giɓin ya ɗaga tayil ɗin da ke kusa.